Darasin Ajiya: Yadda Ake Jingine Injin Jirgin Ruwa In Kogi Ya Janye

Darasinmu na wannan fitowa a kan injin jirgin ruwa ne, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, da yadda ake shirya shi kafin a jingine shi wata da watanni ba a tayar ba. Duk wanda ke haye gada daga Kakuri ko Barnawa zuwa cikin gari ya san yadda Kogin Kaduna yake. A Agusta da Satumba ya cika ya batse, amma daga Disamba sai duwatsu su fito fili, yashi ya kwanta, har a wasu wurare yaro ya taka da ƙafa ya haye. To, a wannan lokaci ne mai inji ke ciro injinsa daga ruwa, domin farfela ba ta shiri da dutse. Wani ya kai ɗaki ya ajiye, wani kuma buƙatar kuɗi ta sa ya sayar, ko ya bayar jingina. Nan ne maganar ta shafe mu, domin hannunmu injin yake faɗowa.

Mun san injunan da ke aiki a kogin nan cikin gari ba su da yawa, masu kamun kifi da masu haƙar yashi galibi da gora da filafili suke tuƙi. Amma abokan cinikinmu ba a Nasarawa da Kudenda kaɗai suke ba. Kogin nan shi ne ya gangara ya cika tafkin Shiroro, wanda aka buɗe madatsarsa a 1990, ya wuce Zungeru, ya je ya faɗa Kwara. Ga kuma tafkin Kainji tun 1968, da Yawuri da kasuwanninta na bakin ruwa. Ɗan kasuwar da ya sayi inji da araha a hunturu, yana jiran damina ta kankama ya sayar wa mutanen waɗannan wurare, to, ya sani wata biyar ko shida zai yi yana gadin ƙarfe. Ribarsa ko faɗuwarsa tana cikin waɗannan watanni, ba a ranar saye ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda wani ɗan asalin Norwe mai suna Ole Evinrude ya fito da irin wannan inji a 1909, babban abin tsoronsu ƙanƙara ce. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kamar kashi 9 cikin 100, saboda haka ɗan ruwan da ya rage a cikin inji sai ya tsaga ƙarfe. Mu Allah Ya raba mu da wannan, sanyin Janairu a Kaduna bai kai ya daskarar da ruwa ba. Shi ya sa wasu ke cewa ai mu ba mu da abin yi, a ciro inji a jingine a bango kurum. Wannan kuskure ne mai tsada. Abokan gābarmu huɗu ne: tsohon fetur, da tsatsa, da ƙurar hunturu, da ƙananan halittu masu neman gida. Kamfanin Yamaha, wanda ya soma ƙera injin jirgi a 1960, kuma injunansa na Enduro mai doki 15 da 25 da 40 suka fi yawa a ruwayenmu, ya ɗauki duk ajiyar da ta kai wata biyu a matsayin doguwar ajiya mai bukatar shiri.

Sai mu soma da wanki. Wannan inji ba shi da tankin ruwa irin na mota. Ruwan kogi yake zuƙa ta wasu kafofi a ƙafarsa, ya zagaya da shi cikin kai ya huce, sa'an nan ya fitar. Ruwan damina kuwa kun san shi, ja wur, laka da yashi. In aka ajiye inji haka, lakar nan za ta bushe a hanyoyin ruwa ta zama kamar birgi. Saboda haka a sami durom, a cika shi da ruwa mai tsabta, a kafa katako mai ƙarfi a maƙala injin, ruwan ya haura farantin nan da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu. A bar giya a sake, in ma an kwance farfelar ya fi, don kada ta sare wani. A tayar, a bar shi yana tafiya a hankali minti 10 zuwa 15, ana duban ɗan ruwan nan da ke tsartowa ta baya. In yana fita da ƙarfi, famfo lafiya. In yana ɗiga kamar hawaye, akwai magana. Injin da aka sayo daga Legas ko Warri ko Fatakwal, wanda ya sha ruwan gishiri, a daɗe ana wanke shi, a canja ruwan durom a sake, domin gishiri ba ya barci, yana cin ƙarfe ko inji na kwance.

A nan muna da jan kunne ga 'yan'uwanmu dillalai. Akwai al'adar nan ta tayar da inji a kan tudu ba ruwa, wai don mai saye ya ji ƙara. Ku bari. Famfon ruwan wata 'yar roba ce mai fukafukai, tana juyawa cikin ƙoƙon ƙarfe, ruwa ne kaɗai man shafawarta. Ƙasa da minti guda ba ruwa ya isa ya ƙone ta. Mai saye ya biya, ya tafi Shiroro, ya shiga tsakiyar tafki, inji ya yi zafi ya cije. Kai ka ci la'adarka, amma ka rasa mutum da duk mutanen garinsu.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a natsu, domin nan ne yawancin injuna ke mutuwa. Galibin injunan da ke hannunmu irin waɗanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur ne. Ba su da kaskon mai a ƙasa kamar mota. Ɗan man nan da ke cikin fetur, watau yawanci rabin lita a jarka mai lita 25, shi ne kaɗai yake shafar fistin da ringi da ƙananan boris na cikin ƙugiya. Muddin inji na aiki kullum, ana sabunta shafawar. Ran da aka kashe shi aka jingine, man ya soma tsiyayewa ƙasa a hankali, ƙarfe ya tsaya tsirara. Ga shi kuma irin wannan inji ba ya rufuwa ruf. Duk inda fistin ya tsaya, akwai kafar da ke buɗe zuwa hanyar hayaƙi, hanyar hayaƙin kuwa ta cikin ƙafa ta bi, inda laima take. Sai tsatsa ta hau. Ba za ka gan ta ba, domin a waje fenti na ƙyalli. In ta yi yawa, igiya ta ƙi jawuwa, a ce inji ya kafe. In kuwa kaɗan ce, wannan ya fi muni, domin injin zai tashi lafiya lau a gaban mai saye, sai bayan 'yan kwanaki na aiki boris ɗin da tsatsa ta ciccije ya soma ƙara, daga nan ya watse ya tafi da ƙugiya. Gyaran wannan sai an tsaga inji biyu.

Maganin kuwa bai kai kuɗin abincin rana ba. Akwai mai na musamman a gwangwanin fesawa da ake yi domin ajiya. In an same shi, ana cikin wankin nan na durom, dab da kashewa, sai a cire murfin iska a riƙa fesa shi a bakin kafireta har hayaƙi ya turnuƙe, inji ya nemi mutuwa, sa'an nan a kashe. In ba a samu ba, kuma sau da yawa ba a samu, to, bayan inji ya huce a kwance fulogi duka, a zuba man gauraya kamar cikin ƙaramin cokalin shayi a kowane rami. A zare igiyar nan ta kashe wuta don kada tartsatsi ya tashi, sa'an nan a ja igiyar tayarwa a hankali sau biyar ko shida, man ya zagaya. A goge fulogi a mayar, kada a bar ramin a buɗe. Kuma a yi amfani da man injin jirgi na gaske, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke roƙa a gareji, cike yake da datti da tsami, ba magani ba ne.

Sai fetur. Fetur ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Sassansa masu sauƙi, waɗanda ke sa inji ya kama da ja ɗaya, su ne ke fara tashi, zafin Maris da Afrilu kuwa yana gaggauta su. Abin da ya rage sai ya yi duhu, ya yi wari kamar tsohon fenti, ya bar wani ƙaro mai danƙo. Kafofin da fetur ke bi a cikin kafireta, waɗanda makanikai ke kira jet, wasunsu ba su fi kaurin allura ba, ƙaro kaɗan ya toshe su. Balle in fetur ɗin da ma ba mai kyau ba ne. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin mutane. Irin waɗannan sinadarai suna jan ruwa daga iska, suna kuma cin roba. Na bumburutu a gefen titi kuwa, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin galan.

Hanyar da aka saba ita ce a zare tiyon fetur inji na tafiya, a bari ya shanye na ciki ya mutu da kansa. Ba mu hana ba ga ƙaramin inji mai kafireta ɗaya, amma a sani ba ya shanyewa tas, akwai saura a gindin kwano, kuma sauran nan ne ke zama ƙaro. Ga inji mai kafireta biyu ko uku ma ba mu so, domin ɗaya za ta riga ƙarewa, silindarta ta ci gaba da gudu ba fetur, ba fetur kuwa ba mai. Abin da muka fi yarda da shi: a gindin kwanon kowace kafireta akwai ɗan noti na tsiyayewa, a tara tsumma a sassauta shi, fetur ya zube duka, a ɗaure. A kwance ɗan kofin tace fetur a zubar da ruwa da dattin da ya taru. A matse ƙwallon tiyo har ya bushe.

Na cikin tanki fa? Tun da aka janye tallafi a 29 ga Mayu 2023 kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa, ba mai son ya yi asarar lita guda, kuma ba mu ce a zubar ba. Ƙaramin janareton nan Tiger da ke gaban shaguna shi ma gauraye yake sha, a juye masa ya ƙone cikin mako. Tankin roba a bar shi wayam a inuwa. Na ƙarfe a ɗauraye cikinsa da ɗan mai don tsatsa. Kuma don Allah wannan aiki a yi shi a fili. Hunturu ne, kowa ya hura gawayi yana jin ɗumi, mai shayi na gefe da risho, kayan kasuwa sun bushe ƙayau. Ba sai mun tuna wa kowa yadda gobarar kasuwa take a wannan lokaci ba.

Daga nan a sauka ƙafa, inda giya take. A gefenta akwai noti biyu masu tsaga, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. A tsai da inji, a tara kwano, a kwance na ƙasa sa'an nan na sama, man ya zubo. A dube shi da kyau, domin shi ne mai ba da labari. In baƙi ne ko ruwan zuma, madalla. In ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, robar da ke tare ruwa a bayan farfela ta mutu. In ka ga garin ƙarfe laushi-laushi a kan notin ƙasa ba kome, amma in gutsattsari ne masu kaifi, haƙoran giya sun soma ci. Wanda ya bar farin man nan ya kwana wata shida a ciki, ruwan zai rabu ya kwanta a ƙasa, daidai kan giya da boris. Sabon mai lamba 90 ake sawa, kuma ga waɗannan injuna bai kai rabin lita ba. Daga ramin ƙasa ake ɗura shi, ana matsawa har ya leƙo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sa'an nan a yi maza a rufe na ƙasa. In aka zuba ta sama iska ce za ta cika wurin, a zaci ya cika alhali kuwa rabi ne. 'Yan wasar da ke ƙarƙashin notunan a sa sababbi. Tsohon man kuma kada a kai shi kogi, masu katako na so.

Me ke kashe robar nan ta bayan farfela? Mafi yawa zaren koma da na ƙugiya. Yana naɗewa a jikin sandar, ya narke da zafi, ya yanka robar kamar reza. Saboda haka a zare farfela, a tsince zaren, a shafa giris a sandar, domin farfelar da ta shekara ba a cire ba takan kama, sai da guduma, gudumar kuwa giya take ji. Mu a ganinmu a ajiye farfelar daban a cikin akwati. Ta fi kome saurin ɓata a shago, kuma inji ba farfela ba ya jan hankalin ɓarawo sosai. Sauran wuraren giris a bi su: maƙalin da ake ɗaurewa a katako, wuyan da inji ke juyawa a kai, hannun tuƙi. Ɗan guntun ƙarfen nan fari-fari da ke manne kusa da farfela, wanda yake zagwanyewa, kada a yi masa fenti don a burge mai saye. An sa shi ne domin ruwa ya ci shi a maimakon jikin inji.

Wurin ajiya, a tsaye ake so, a maƙale a katako kamar yadda yake a jirgi, don ruwan ciki ya tsiyaye. In dole sai an kwantar, a bari ya tsane tukuna, kuma kai ya fi ƙafa tudu, in ba haka ba ruwa ya biyo hanyar hayaƙi ya shiga silinda. Sababbin injunan nan masu kaskon baƙin mai daban, a canja musu mai kafin ajiya, kuma gefe ɗaya kaɗai aka yarda a kwantar da su, akwai alama a jiki. Mai batir a cire batirin, a riƙa yi masa caji wata-wata. Katakon da aka maƙala inji a duba shi saboda gara, kada ta cinye ƙafarsa wata rana a iske inji a ƙasa. Rufi kuma da buhun algarara ko tsohon zane, ba leda ba. Leda tana hana ƙura, gaskiya ne, amma tana sa gumi, musamman in bazara ta shigo da laima a ɗaki mai rufin kwano.

Akwai abokin gāba guda da littafin masu ƙera inji bai cika damuwa da shi ba, mu kuwa mun san shi: zanzaro. Duk wata 'yar kafa da ya gani ɗaki ce a wurinsa, ya ɗebo laka ya liƙe. Kafar da ruwa ke tsartowa, da kafofin shan ruwa, da bakin kafireta, duk yana so. Sau nawa ake kwance ƙafar inji a canja famfo, a biya makanike, ashe ginin zanzaro ne ya toshe 'yar kafar, tsinken tsintsiya ya isa? A liƙe waɗannan wurare da salatif, a cusa tsumma mai ɗan mai a ramin tsakiyar farfela inda hayaƙi ke fita. Amma a ɗaura jan ƙyalle a hannun tuƙi don tunawa, domin tayar da inji da kafofin ruwa a liƙe daidai yake da tayar da shi a tudu. Ɓera shi kuma ƙarƙashin murfi yake so, ya yi sheƙa ya ci wayoyi. Wanda ya ajiye inji a ɗaki ɗaya da buhunan masara ya gayyato shi da kansa. Sau ɗaya a wata a buɗe murfi a leƙa, a ja igiya a hankali sau biyu ko uku don fistin ya canja wurin tsayawa.

Masu injin ban ruwa na lambu a bakin kogi, ku ma darasin ya shafe ku, sai dai lokacinku a juye yake. Ku damina ce lokacin ajiyarku, laima kuwa ta fi yawa. Tsiyaye kafireta, cokalin mai a ramin fulogi, zubar da ruwan cikin famfo, duk ɗaya ne.

Saura maganar amana. In inji na jingina ne, ko an kawo maka ka sayar, kafin mai shi ya juya baya a yi abu uku a gabansa da shaida. A ja igiya a ji ƙarfin matsewarta, a sassauta notin ƙasa a ga launin man giya, a kuma kwafe lambar injin da ke kan ɗan farantin jikin maƙali a rubuta a rasit. In farantin an kankare ko an ɓamɓare, kada ka karɓa kome arhar sa, domin satar inji a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne. A kuma yi magana a fili, wa zai biya kuɗin mai da giris da ladan yaron da zai yi aikin. Rigimar da muka fi gani a wannan harka ita ce mai inji ya dawo bayan wata shida ya ce lafiya ya kawo, mai ajiya ya ce haka ya same shi, ba takarda ba shaida.

In ruwa ya dawo, wajen Yuni ko Yuli, a cire salatif da tsumma, a mayar da farfela da sabon fil, a haɗa sabon fetur. Robar famfo in ta shekara a canja ta, domin zama wuri ɗaya yana lanƙwasa fukafukanta, kuma kuɗinta kaɗan ne a kan ran mutanen da za su hau jirgi kogi na cike. A tayar a cikin durom, a gaban mai saye in da hali. Zai yi hayaƙi fari mai yawa na 'yan mintoci, a gaya masa tun da wuri kada ya tsorata ya nemi ragi, man ajiya ne yake ƙonewa. In ya lafa, a kashe, a sa sababbin fulogi, tsofaffin a ba shi ya riƙe a jirgi.